Shela Ta Kai Kunne, Shin Ta Kai Tukunya?

Lacca kan yadda ake auna amfanin faɗakarwa game da abinci da ciwon zuciya, wadda aka gabatar a garin Illela, jihar Tawa



Iyayenmu sarakuna da hakimai, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku, ya ƙara basira. Shugabannin hukuma, abokan aikina ma'aikatan lafiya na nan Illela da waɗanda suka taso takanas daga Ƙonni da Malbaza, ma'aikatan gidajen rediyo, iyayenmu mata da ƴan'uwa matasa, barkanku da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Maganar da aka ɗora mini yau ita ce faɗakarwa: wadda muke yi a rediyo, da wadda muke yi da lasifika ranar kasuwa, da hotunan da muke mannawa a bangon likita, duk a kan abin da muke ci da yadda yake taɓa zuciya. Tambayar ita ce, ta yaya za mu san ko wannan aiki yana haifar da ɗa mai ido?

Zan fara da abin da idona ya gani. Shekarun baya ina cikin ayarin da ya fita faɗakarwa kan hawan jini a wani ƙauye na wannan yanki. Maigari ya sa an yi shela tun da dare, kafin hantsi fili ya cika. Muka yi bayani, muka nuna hotuna, muka raba riguna. A sahun gaba akwai wata dattijuwa da carbinta a hannu, har yau ina ganin fuskarta. Duk tambayar da muka jefa, ita ke fara amsawa, kuma daidai. Muka dawo muka rubuta rahoto: maza kaza, mata kaza, saƙo ya shiga.

Damina ɗaya tsakani aka kawo dattijuwar nan bisa amalanke, baki ya karkace, hannu da ƙafar dama ba sa motsi. Bayan an sallame ta na bi ta gida gaisuwa, aka kawo mini tuwo. Loma ɗaya na kai, gishiri ya kama mini harshe. Na tambayi surukarta mai girki, ta sunkuyar da kai ta ce: “Wallahi Majo, Inna ta faɗa mana tun ranar da kuka zo. To amma tukunya ɗaya ce, mu goma sha huɗu ne a gidan, kuma maigida in miya ta yi lami ture kwanon yake yi.”

Tsohuwar nan ta ji, ta gane, ta yarda, har ta isar da saƙo. Rahotonmu bai yi ƙarya ba. Sai dai abin da muka ƙirga daban, abin da ya kwantar da ita daban. Tun daga ranar nake riƙe da magana ɗaya, ita ce kuma na kawo muku yau: faɗakarwa a bakin tukunya da damtsen hannu ake auna ta.

Ciwon da muke magana a kansa

Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a lambun albasa na Galmi ko a fadamun Ƙonni ya san injin jan ruwa da tiyonsa. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. Gishiri yana riƙe ruwa a cikin jini, sai matsi ya ƙaru a cikin tiyon. Shekara da shekaru ana haka, tiyo ya yi tauri, wata rana ya toshe ko ya fashe. In a ƙwaƙwalwa abin ya faru, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Injin ma yana gajiya: zuciya ta kumbura, ƙafafu su hau, mutum ya riƙa haki ko bai yi tafiyar kirki ba. Ƙoda ita ma tana shan wahala. Kitse mai daskarewa da man da aka yi ta maimaita suya da shi suna taimakawa wajen cushe hanyar jini, yawan sukari kuma yana jawo ƙiba da ciwon sukari, su ma suna komawa kan zuciya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, kusan ɗaya cikin uku na dukan mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke. Ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba. A nan Nijar, binciken ƙasa da aka yi a 2007 bisa tsarin hukumar ya nuna fiye da baligi ɗaya cikin biyar na ɗauke da shi. Ku dubi sahunku, ku ƙirga biyar-biyar.

Shawarar hukumar a taƙaice take. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini ga babba, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, a haɗe da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Ganye da kayan marmari giram 400 a yini. A rage sukari da kitse, a bar taba, a motsa jiki, a riƙa awon jini. In awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko ya wuce, tansiyo ce, wato hawan jini, sai a nemi magani. Saƙon da muke yawo da shi ke nan, kuma gaskiya ne. Abin da ya rage shi ne mu san inda yake tsayawa a hanya.

Zango biyar tsakanin lasifika da zuciya

Manomi ba ya yabon damina da yawan irin da ya shuka. Dammunan da suka shiga rumbu yake ƙirgawa. Mu kuwa a aikin faɗakarwa mun saba ƙirga iri: sau nawa aka sa sanarwa a rediyo, hoto nawa aka buga, mutum nawa suka zauna a tabarma. Tsakanin wannan da lafiyar zuciya akwai zango biyar, kowane da tambayarsa.

Zangon farko, saƙon ya isa? A gidaje da yawa rediyo na wurin maigida, tare da shi take fita majalisa. Lokacin da ake sa shirin lafiya, mai girkin tana bakin rijiya ko tana kan turmi. Hoton da ke bangon likita an rubuta shi da Faransanci, kuma wanda ciwo ya riga ya kawo ne kawai ke ganinsa. Ƙasarmu ta Adar ba Hausawa kaɗai ke cikinta ba, akwai Buzaye, akwai Fulani a rugage. Ba a samun amsar wannan tambaya a filin taro, domin duk wanda ke wurin ya riga ya ji. Gida-gida ake bi, har da zangon da mota ba ta zuwa, a tambayi mai riƙe da ludayi: cikin watan nan kin ji wata magana a kan gishiri? A ina? Daga bakin wa?

Zango na biyu, an gane? Mu muna cewa giram 5, uwargida kuwa ba ta da sikeli. Ƙullin dala biyar take saye, da yatsu take ɗiba. Na sha jin mace ta ce ta daina sa gishiri sam, sai ka tarar ta ƙara dunƙulen magi biyu a madadinsa. Alhali kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne, babban dunƙule mai giram 10 yana ɗauke da kusan rabon mutum guda na yini ɗaya. Farin magi da kanwar da muke jefawa a wake da miyar kuɓewa su ma suna ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne abin da ke hau da jini a cikin gishirin. Ga kuma wani ruɗani da mu da kanmu muka haddasa. Shekaru muna cewa a ci gishiri mai aidin saboda maƙoƙo da kaifin ƙwaƙwalwar yara, yau mun dawo muna cewa a rage gishiri. Duka biyun daidai ne, amma sai an haɗa su a jimla ɗaya: kaɗan za a sa, kuma kaɗan ɗin ya zama mai aidin. Hanyar gwada fahimta ita ce ka miƙa wa mace cokali da kwanon gishiri, ka ce ta nuna maka rabon mutum ɗaya, sannan ta lissafa maka duk abin da ke cikin kayan miyarta mai gishiri a ɓoye.

Zango na uku, an yarda? Da yawa a cikinmu suna ɗaukar hawan jini ciwon alhazai da manyan ma'aikata ne, ko kuma ɓacin rai kaɗai ke kawo shi. In ɓarin jiki ya shanye sai a ce iska ce ko jifa, a yi ta yawon neman magani har lokaci ya ƙure. Ƙiba kuma a wurinmu shaidar hutu ce, amaryar da ba ta yi jiki ba sai a ce ba ta jin daɗin gidan miji. Mutum yana iya maimaita maka saƙo tiryan-tiryan alhali a ransa yana ganin ba da shi ake ba. A nan bakin da maganar ta fito yana da nauyi. Abin da limami ya faɗa bayan sallar Juma'a a kan amanar jiki da illar almubazzaranci, ko abin da ungozoma ta raɗa wa mai jego, ya fi sanarwa goma shiga rai.

Zango na huɗu, tukunya ta canza? A nan tsohuwar da na ba ku labari ta tsaya, a nan kuma akasarin aikinmu ke tsayawa. Mai girki ba ita ke da kuɗin cefane ba. Inda ake da kishiyoyi, ranar girki ranar gwada hannu ce, babu wadda za ta yarda a ce miyarta ce marar daɗi. Inda nama ya gagara, dunƙule ne ke rufa wa miya asiri da kuɗi kaɗan. Direba da ɗan kabu-kabu da ɗan dako a tashar Ƙonni ko mararrabar Tsarnawa ba a gida suke ci ba: garau-garau ne da mai da yaji, taliya, tsire, da shayin da sukari ya yi wa yawa sau uku a yini. Ka ce wa irin wannan mutum ya rage gishiri, alhali ba shi ke riƙe da ludayi ba.

Wannan zango ana iya auna shi ba tare da kuɗi masu yawa ba. A zaɓi gidaje, a ba kowane gida gishirin da aka auna a gwangwani, a dawo bayan mako a sake aunawa. A ba uwargida wani gwangwanin ta riƙa jefa takardar kowane dunƙule da ta ɓare. Lissafin mai sauƙi ne: gida mai manya 10, rabonsu giram 50 ne a yini, ke nan kilo guda ya kamata ya kai su kwana 20, ko da ba su taɓa dunƙule da kanwa ba. In kilo na ƙarewa cikin kwana 10, sun ninka ƙa'ida. Masu tebur a kasuwar Badagishiri, garin da sunansa ma ke tuna wa kunne gishiri, sun san kwali nawa na dunƙule ke fita a mako. A tambaye su.

Zango na biyar, jiki ya shaida? Wannan shi ne awon jini a damtse, ga mutane iri ɗaya, kafin faɗakarwa da bayanta. Masu bincike suna da wata hanya da ta fi kowace tabbaci: a tara fitsarin mutum na awa 24 a auna, domin kusan kashi 90 cikin 100 na gishirin da aka ci ta nan yake fita. Tana da wahala, amma ko mutum ƙalilan aka yi wa, tana gaya mana gaskiyar da baki ba ya faɗa. Daga nan sai rajistar likita: cikin waɗanda aka gano suna da tansiyo, nawa ne suke dawowa, nawa ne awonsu ya sauka? Raguwar shanyewar jiki da mace-mace kuwa sai an yi shekaru ake ganinta.

Ramukan da mai awo ke faɗawa

Na farko shi ne amsar kunya. Bahaushe ba ya son baƙo ya tafi da ɓacin rai. In wanda ya yi faɗakarwa jiya shi ne ya dawo yau da takarda yana tambaya ko an rage gishiri, kowa zai ce an rage. Don haka mai shuka daban, mai awo daban, kuma abin da za a iya ɗorawa a sikeli kada a tsaya ga tambayarsa da baki. Gani ya kori ji.

Na biyu, rashin abin kwatance. A ce an yi shekara ana faɗakarwa a Tajaye, sai aka ga cin mai ya ragu. Kafin mu yi murna, sai mun duba wani gari mai kama da shi inda ba a yi komai ba. Mu da ke bakin iyaka mun ga abin da ya faru da farashi lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a 2019, da kuma rufewar 2023. In tsada ce ta sa aka rage mai da sukari, ba aikinmu ba ne, kuma ranar da kaya suka yi sauƙi za a koma gidan jiya.

Na uku, lokaci. Da sanyi, kayan lambu na kwarin Maggiya sun cika kasuwa: albasa, tumatir, kabeji, salati, kowa na iya saye. Da bazara zuwa tsakiyar damina abin ya sha bamban. Azumi yana sauya cimar gida gaba ɗaya. Sannan jihar Tawa ƙasar ƴan cin rani ce, bayan girbi samari da magidanta da yawa sun tafi Najeriya, Kodebuwa ko Libiya. Wanda ya yi awon farko da damina, ya yi na biyu da rani, ba mutane ɗaya ya auna ba, ba kuma abinci ɗaya ba. Wata guda za a tsayar, a riƙa komawa cikinsa kowace shekara.

Na huɗu yana rikita har shugabanni. Faɗakarwar da ta yi kyau, abin da take fara haifarwa shi ne ƙaruwar masu hawan jini a rajista, domin waɗanda ke yawo da shi ba su sani ba sun fara zuwa awo. Wanda bai fahimta ba sai ya ce ciwo ya ƙaru, aiki ya lalace, alhali alamar nasara ce ta farko. Amma tana zuwa da nauyi. In ka tara mutane ka gaya musu suna da ciwo, sannan babu magani a kusa ko ya fi ƙarfin aljihunsu, ka ba su tsoro ne kawai.

Na biyar, illar da ba a yi niyya ba. Ƙasarmu ta san tamowa, ba mu manta da yunwar 2005 ba. A gida ɗaya kana iya samun kaka mai hawan jini da jika mai rama. Saƙon “a rage mai da nama” in ya faɗa kunnen mai ciki ramammiya, ko uwar yaron da ake yayewa, cutarwa zai yi. Duk mai auna faɗakarwa wajibi ne ya tambaya har da wannan: wa ya ɗauki saƙon da ba nasa ba?

Abin da waɗansu suka gwada

A 1972 aka fara wani aiki a lardin Kareliya ta Arewa a ƙasar Finlan, inda ciwon zuciya ke kashe maza tun suna da ƙarfinsu fiye da kusan ko'ina a duniya. Wani matashin likita, Pekka Puska, shi ya jagoranta. Sun yi shela, amma ba su tsaya nan ba. Sun shiga ƙungiyoyin matan gida aka sauya yadda ake girki, sun zauna da masu sarrafa madara da nama da burodi, sun taimaki manoma suka koma noman ƴaƴan itatuwa da man girki na tsiro, har gasar rage kitsen jini aka riƙa yi tsakanin ƙauyuka. Tun ranar farko suka ware lardin maƙwabta don kwatance, suna komawa awo duk bayan shekara 5. Cikin shekara 40, mutuwar maza masu shekarun aiki ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

A Amurka an gwada irin wannan a garuruwa da dama a shekarun 1980, da kuɗi masu yawa. Da aka zo awo, sai bambanci tsakanin garuruwan da aka yi wa faɗakarwa da waɗanda ba a yi wa ba ya fito kaɗan, domin su ma na kwatancen suna ta gyaruwa da kansu. Ba don an ajiye abin kwatance ba, da an yi ta yabon abin da ba shi ya yi aikin ba.

A Ingila gishirin da mutum ke ci a yini ya sauka daga giram 9.5 a 2003 zuwa 8.1 a 2011, kuma da awon fitsari aka tabbatar. An yi faɗakarwa a talabijin, amma babban abin da ya yi aiki shi ne matsa wa kamfanonin burodi da abincin gwangwani su riƙa rage gishiri sannu a hankali, domin can akasarin gishirin daga masana'anta yake zuwa. Afirka ta Kudu ta mai da abin doka a 2013, ta fara aiki a 2016. Mu namu gishirin a murhu ake zuba mafi yawansa, don haka misalin ƙasar Sin ya fi kusa da mu. Can aka ɗauki ƙauyuka 600, mutum kusan 21,000, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ba su gishirin da aka maye kashi ɗaya cikin huɗu nasa da sinadarin fotashiyam, rabi suka ci gaba da nasu. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100, mutuwa da kashi 12. Abin da ke cikin kwanon gishirin aka sauya. Sai dai irin wannan gishiri bai dace da mai ciwon ƙoda ba, sai da shawarar likita.

Ga kuma maƙwabciyarmu Burkina Faso. Daga 2012 zuwa 2015 aka gwada ƙarfin rediyo kanta a kan lafiyar yara: yankuna 14 masu gidan rediyo, 7 suna watsa saƙo kullum, 7 ba sa yi. A yankunan da aka watsa, kai yara likita saboda zazzaɓin cizon sauro, ciwon haƙarƙari da gudawa ya ƙaru sosai. Amma binciken gida-gida bai iya nuna bambanci a yawan mutuwar yara ba, domin ta ragu a ɓangarorin biyu. Masu aikin suka buga sakamakon yadda yake, da mai daɗin da marar daɗin. Darasin da na ɗauka shi ne, rediyo tana da ƙarfi wajen tura mutum ya yi abu guda bayyananne, kamar “tashi ka je a auna ka.” Sauya ɗanɗanon gida kuwa yana bukatar hannu a cikin gidan.

Darasin kunun kanwa

Akwai misali daga cikin gidanmu na Hausa. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa. Suka danganta abin da al'adun jego: kunun kanwa mai yawa, wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Shekaru aka yi ana faɗakarwa a kan haka, kuma har gobe kanwa mai yawa nauyi ce ga zuciyar mai jego. Daga baya binciken da aka yi a Yamai, da wanda Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano, suka nuna akwai waɗansu dalilai masu ƙarfi: rama, talauci, hawan jinin masu ciki, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jiki. Da an tsaya ga saƙon farko, da an ci gaba da ɗora wa kakanni laifi duka, a bar yunwa da rashin awon ciki suna ɓarna. Ke nan ba isar saƙo kaɗai ake aunawa ba, shi kansa saƙon ana komawa a duba ko ya cika.

Abin da za mu iya daga nan

Abokan aikina, kada mu ƙara fita faɗakarwa sai mun rubuta abu guda da muke so ya canza, da yadda za mu gane ya canza. Mu auna kafin mu fara. Kowace cibiyar lafiya ta ɗauki ƙauye ɗaya na aiki da ɗaya na kwatance, in shekara ta zagayo shi ma na kwatancen a kai masa. Duk babban da ya shigo likita, ko rakiya ya yo, a ɗaura masa abin awo. Asibitin Galmi, wanda ke karɓar marasa lafiya tun 1950, da likitocin gundumominmu uku suna ganin masu shanyewar jiki. In aka daidaita yadda ake rubuta su, cikin ƴan shekaru za mu san inda muka dosa. Ranar 17 ga Mayu ta hawan jini da ranar 29 ga Satumba ta zuciya su zama ranakun da muke karanta wa jama'a sakamako a bainar kowa, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Ma'aikatan rediyo, ku tambayi mata lokacin da suke saurare, ku kai makirufo bakin murhu, ku bar mai girki ta yi wa ƴar'uwarta bayani. Iyayenmu mata, dabarar tana hannunku. Daddawar kalwa da ta batso, albasar da duniya ke zuwa saye a wurinmu, tafarnuwa, citta, yakuwa da zogale suna ɗaga miya ba tare da an cika mata gishiri ba. In aka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, cikin ƴan makonni harshe yana sabawa. Furar hatsi, wake, kuka, da su magarya da goriba, abincin kakanninmu ne, kuma zuciya na son su.

Magidanta ƴan'uwana, ku na bari a ƙarshe, domin da ku surukar nan take. Matanmu sun ji saƙo tuntuni, izininmu suke jira. Yau in kun koma gida, kowa ya ce wa iyalinsa da bakinsa: a rage gishiri da dunƙule, in miya ta yi lami ba zan ture kwano ba. Iyayenmu sarakuna da malamai, in kuka fara a gidajenku kuka faɗa a fili, talakawa za su bi.

Dattijuwar nan ta rayu shekaru bayan haka, tana jan ƙafa, jikokinta na ɗaga ta suna kwantarwa. Duk lokacin da na je gaishe ta sai ta kama hannuna da hannunta mai lafiya ta sa mini albarka, ba ta taɓa ɗora mana laifi ba. Haƙƙinta a kanmu shi ne, in Allah ya kai mu baɗi muka sake taruwa a nan, kada mu zo da lissafin riguna da yawan mahalarta. Mu zo da amsar tambaya biyu: kilon gishiri kwana nawa yake yi yanzu a gidajen da muka auna, kuma mutum nawa ne jininsu ya sauka?

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon aiki da abin da muka ji. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.